Ranar da Na Ɗauko wa Rigar Kakanmu Tela da Almakashi

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman rawanina alhali yana bisa kaina, akwai rana guda da ba za ta taɓa fita raina ba. Na yi shekaru ina kumsari a motar haya tsakanin Hasahisa da Madani, ina rataye a ƙofa ina kiran fasinja har muryata ta koma ta jaki, kuma babu abin da idona bai gani ba. Na ga wanda ya yafa wa akuya mayafi, ya zaunar da ita a kujera, ya ce gwaggonsa ce ba ta da lafiya. Amma duk wannan wasan yara ne kusa da ranar da na ɗauko tela a bayan keke, da almakashinsa a aljihu, don a tsaga rigar kakanmu gida biyu.

Ƙauyenmu na Hausawa ne, a bakin bahar, wato babban kogin nan, ba nisa da Hasahisa. Kakan babana yana cikin waɗanda sunka baro ƙasar Sakkwato da ƙafa lokacin da Nasara sunka ci ta, sunka nufo gabas da niyyar Makka, Allah ya tsayar da su nan. A gidanmu akwai riga guda da kowa ke kira rigar Sakkwato. Babbar riga ce shuɗiya, mai ɗinkin aska a ƙirji. Faɗinta kuwa, in ka baza ta, ƙauyenmu duka zai sha inuwa, har a aika wa mutanen Rufa'a su ƙetaro su taya mu. Mun tashi mun tarar ana cewa ita ce kakan babana ya sanyo tun daga gida. Gidanmu kuma gida ne da labari ba ya tsayawa yadda anka haife shi, girma yake yi. Ina yaro an ce rigar ta keta Borno da Wadai. Kafin in yi gemu an ce zaki ya shinshine ta a daji, ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni kaina na taɓa gaya wa wani direba cewa harsashi ya bugi aljihunta, ya tsaya ya ba ta haƙuri.

Kakana, mahaifin babana, shi ke sa ta. Ba kullum ba, sai da Sallah, ko in ana ɗaurin auren ɗan gida. In ya fito cikinta, har Larabawan maƙwabtanmu, waɗanda ba su san wata kala ba sai farar jallabiya, sai sun tsaya sun kalla. Duk wanda ke cikin rigar nan shi ne fuskar zuriya, ba sai an faɗa ba.

Da Allah ya yi wa tsohon rasuwa, wajen ƙarshen shekarun casa'in, an raba hawasha lafiya, wato gonarmu ta auduga da ke cikin aikin ban-ruwa. An raba shanu babu wanda ya ɗaga murya. Riga ce ta tada rigima. Babana ya ce shi ne babba, magana ta ƙare. Baffana, ƙanensa, wanda ke zaune a ƙetare wajen Rufa'a, ya ce shi ya yi jinyar tsoho a asibiti, kuma tsoho ya kama hannunsa ya ce rigar tasa ce. Babana ya ce ai a kwanakin nan duk wanda ya riƙe hannun tsoho sai ya yi masa kyauta, har mai sharar asibiti ya ba jakinsa.

Ku fahimce ni, mutanen kirki ne su biyun. Amma taurin kai a wurinsu ba hali ba ne, sana'a ce. In ka bugi dutse da kan babana, dutsen ne zai nemi magani. Baffa kuwa an ce da yana yaro ya taɓa yin gaba da wata bishiyar dabino saboda ta jefe shi, har ya yi aure bai sake zama inuwarta ba.

Lokacin ba a yi gada ba, sai bantun, jirgin ƙarfen nan da ke ƙetarar da mutane da motoci. Tunda ni ne mai yawo, sai na zama ɗan aike. Nakan ɗauko magana da zafinta, in hura ta a tsakiyar ruwa, in kai ta da ɗumi-ɗumi. In Baba ya ce, "Gaya masa ba shi da kunya," sai in je in ce, "Baba yana gaisuwa, ya ce bana kunya ta yi ƙaranci a duniya." In Baffa ya ce, "Gaya masa girma ba furfura ba ne kawai," sai in dawo in ce, "Baffa ya ce furfurarka ta yi maka kyau." Haka na yi ta yi, har ranar da Baffa ya ba ni maganar da ba ta huruwa.

Ya ce, "Gaya wa Yaya, tunda haka ne a kawo almakashi. Rabi nasa, rabi nawa. In na ɗauki nawa na hau bantun, ƙafata ba ta sake taka wancan gefen, halas, an gama."

Na juya maganar nan a bakina tun daga wancan gaci har wannan, ban samu gefen da ba ya yanka ba. Na faɗe ta yadda take. Baba ya ce, "A kawo." Liman ya yi magana, dattawan masallaci sun yi, babu wanda ya motsa. Na san babu mai son a yanka. Kowa jira yake ɗan'uwansa ya fara cewa a bari, kuma kowa zai yarda a yanka shi kansa da ya riga faɗa.

Abu guda sunka yarda a kai, kada a gaya wa Kaka. Tana cikin takaba, ba ta fita, sunka ce kada a ƙara mata baƙin ciki.

Kakata 'yar ƙarama ce, in iska ta taso sai an sa mata dutse a cinya. Yaran gida, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, Habboba suke ce mata. Ni kuwa amaryata ce, tun ina rarrafe ake ce mini mijinta. Kullum tana cewa an cuce ta, an haɗa ta da miji mai rataya a ƙofar mota kamar tsumman goge gilashi. Kuma tana da wata ɗabi'a irin ta mutanen da: babana ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune gabanta sai ta juya ga wani ta ce, "A gaya wa wancan tuwo ya yi sanyi." Mutum ya kai sittin da furfura, uwarsa ba ta taɓa ce masa "kai" ba. Mu mun saba, ba ma ko lura.

Ranar da anka sa, da hantsi, Baffa ya ƙetaro da matarsa da 'yarsa babba mai goyo, su don su gaida Kaka, shi don ya ɗauki rabonsa. Anka aike ni ɗauko tela. Na tafi a hankali, na dawo a hankali, na sauka na duba taya ko da lafiyarta ƙalau, ko Allah zai sa wani ya huce. Telan kansa yana baya yana ta cewa, "Ya zol, bawan Allah, ni ɗinki na koya, ba fiɗa ba." Na sauke shi ƙarƙashin rakuba, rumfar da maza ke zama, na ga an riga an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an baza riga. Baba na can gefe, Baffa na can gefe, kowa yana kallon wata kusurwar duniya.

Na zame na shiga ɗakin Kaka, wai zan sha jabana, gahawarmu ta nan. Tana zaune a kan angarib ɗinta, gadon igiya, da fararen kayan takaba, gawayi na ci a gabanta.

Ta ce, "Maigidana, muryar wa nike ji kamar ta tela? Wa za a yi ma ɗinki cikin gidan takaba?"

Na ce, "Ke zan yi wa kayan fitar takaba, amarya. Kin san layi ya kawo kaina."

Ta ce, "Kai da ba ka iya sayen sabulu. Faɗa mini gaskiya, bakinka na dariya, idonka ba ya yi."

An ce kada a gaya mata. Amma babu wanda ya ce in yi mata ƙarya, kuma tsohuwar nan tana jin ƙarya kamar yadda kyanwa ke jin kifi. Na gaya mata duka, har da maganar bantun. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta aje finjali, ta ɗan yi wata dariya ta hanci, ta miƙo mini hannu.

Ta ce, "Ɗaga ni. Ka ɗauko garwashin nan ka biyo ni."

Tsakar gida ai cikin gida ne, ba ta karya takaba ba. Tana fitowa mazan nan sunka miƙe tsaye kamar 'yan makaranta. Tela ya ɓoye almakashi a bayansa. Ba ta kalli kowa ba, rigar ta kalla.

Ta ce, "Wane mara tausayi ya baza ta ga rana? Shuni da rana ba su shiri. Ku ja ta inuwa."

Anka ja tabarma ƙarƙashin rakuba. Mata sunka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta durƙusa a bakin rigar, ta shafa ta kamar mai shafa kan jinjiri, sannan ta juyo gare ni.

"Maigidana, gaya ma ubanka ya ɗora hannu ya auna mini ƙyalle guda. Yatsa nawa na?"

Ga wanda bai sani ba, irin wannan riga ba daga yadi guda ake yanka ta ba. Siraran ƙyallaye ne na saƙar hannu, ake jera su a haɗa. Baba ya sunkuya ya ɗora hannu. Ya ce mini, "Gaya mata huɗu." Tana jinsa sarai, amma sai da na maimaita.

Ta ce, "Huɗu. Saƙar gida, wadda anka yi can Sakkwato zamanin kakanku, ba ta cika yatsa biyu. Masaƙan can siririya su kan yi." Ta juya ga Baffa, shi tana yi masa magana kai tsaye. "Auta, ɗaga bakin nan ga haske. Dubi zaren. Ka ga kulli?"

Baffa ya ɗaga ya ƙura ido. Ya ce, "Babu, Inna. Sumul yake."

"Audugar gida gajeren gashi gare ta. Ko wace gwana ta kaɗa ta, sai ka ga zaren nan kauri, nan siriri, da ɗan kulli-kulli. Wanga kuwa dogon gashi na, shi ya sa ya tahi sumul. Ku da kunka girma cikin hawasha, kuna tsinkar ta har yatsunku na jini, ba ku gane audugarku ba?"

Ni dai na fara hango inda motar nan za ta tsaya.

Ba ta gama ba. Ta juya aljihun rigar, ta lalubo wani ɗan zare da ya saki daga bayan ɗinkin aska, ta tsinke shi da farce, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ta ɗora shi a kan garwashin da ke hannuna. Ya yi fau ya zama toka. Ta ce in shinshina.

Na ce, "Ƙaurin takarda, amarya."

Ta ce, "Ka riƙe shi ga hancinka, za ni tambaye ka." Sannan ta buɗe wata tsohuwar ninki a kafaɗa, ta nuna inda shuɗin ya koɗe ya ja zuwa ja-ja. "Shunin kanti na. Baban karofi, wanda anka rina cikin rami, in ya tsufa haske yake yi kamar sama da safe, ba ya yin ja. Wanga wajen wani Ba'indiye anka saye shi, cikin kasuwar Hasahisa, da shi da zaren ɗinkin. Ni na aika."

Baffa ya ce, "Ke, Inna?"

"Ni na kaɗa zaren rigar ga, tun daga wuya har gindi. Ina amarya, kafin a haifi wancan."

Na ce, "Amarya, a zamanin Nasara? Ba an ce mufattish, Baturen duba gonaki, ba ya barin ko gashin auduga ya shiga gida ba? Ashe ɓarauniya na aura."

Ta ce, "Rufe mini baki. Wadda iska ta kai ga ƙaya na tsince. In wata ta faɗo cikin zanena ina wucewa, ni na kira ta?" Matan da ke bayanmu sunka kwashe da dariya, har tela ya manta ya fito da almakashinsa fili.

Ta ce wani masaƙi ne, mai tafiya Makka a ƙafa, ya tsaya ƙauyen tsinkar auduga don ya samu guzuri, shi ya saƙa mata a kan irin masaƙar nan ƙasar, mai faɗi. Wani malami kuma ya yi ɗinkin ƙirji. Ta ce ta yi kaka da kaka tana tara audugar nan, tana kaɗi in ta gama aikin gida, don mijinta ba shi da rigar fita Sallah, ita kuma ba ta son ta gan shi tsaye cikin mutane ba kamar ubansa ba.

Fuskar Baffa ta canza. Ya ce, "To ta Sakkwato fa, Inna? Babu ita ke nan? Ko an sayar?"

Kaka ta miƙa hannu wajen tela. "Malam, ara mini bakin kadan nan naka." Ya miƙa mata almakashi. Ta kira 'yar Baffa. "Ke, kwanto ɗan nan, ba ni majanyin." Ta kira matata, wadda ke goye da 'yarmu ta fari, ta ce ita ma ta kawo nata. Ta sa bakin almakashi a hankali ta warware ɗinkin bakin kowane majanyi, ta sa yatsa ta zaro wani abu daga ciki.

Ƙyalle ne siriri, tsawon tafin hannu, bai cika yatsa biyu ba. Saƙi ne mai ɗigon fari da shuɗi kamar gashin zabuwa, shuɗin ya yi haske. Ɗaya daga goyon Rufa'a, ɗaya daga goyon gidanmu. Ta jera su a gwiwarta, sai ka ce yanzu anka raba su. Ko ni da ba na gane komai sai kuɗin mota, na ga kulli-kullin zaren.

Ta aike ni in ɗauko matashin kanta. Ta warware gefe guda, ta zaro wani ƙunshi. Ƙirjin riga ne, da aljihunsa, ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, ɗinkin aska a kai da wani zare mai launin ƙasa. Shi ke nan abin da ya rage. Ta tsinki ɗan zare, ta ɗora a garwashi. Wannan bai yi fau ba, ƙanƙancewa ya yi ya dunƙule.

"Maigidana, mi ka ji?"

Na ce, "Babbakar kan rago ranar Layya."

"Tsamiya ke nan, alharinin daji na gida. Ba a sayar da shi kanti."

Sannan ta zauna sosai ta ba da labarin, kamar yadda surukarta ta ba ta da bakinta. A hanya anka haifi kakana, bayan sun wuce Wadai. Babu zane sai wanda ke jikin uwar, babu majanyi, ga ayari ba ya jira. Mijin ya kama gindin rigarsa ya tsage ƙyallaye, ta ɗaure ɗa a baya, sunka ci gaba da tafiya. Hanyar nan ta ci jarirai da yawa, wannan ya rayu. Sai matar ta ce daga ranar duk ɗan da anka haifa a gidan sai an sa masa ƙyallen rigar nan a cikin majanyi. Kaka ta ce lokacin da anka kawo ta gidan rigar ta riga ta koma rabi. Surukar ce ta damƙa mata sauran, ita kuma ta ci gaba. Duk haihuwa, a nan ko a ƙetare, in ta je barka da majanyi a hannu, ashe da abin a ciki.

Baba ya juya ya kalli mahaifiyata, wadda ke tsaye a bakin madafa. Ya ce, "Kin san da wannan?"

Ta ce, "Duk macen da ta haihu a gidan nan ta sani. Wa ya tambaye mu? Da na buɗe baki ka ce maganar gado ba ta mata ba ce."

Baffa ya ce, "Amma babanmu bai taɓa cewa ba ita ba ce."

Kaka ta ce, "Ya ji kuna ƙara mata zaki, wanga shaƙiyyin ya ƙara mata harsashi, shina shigowa ɗaki shina dariya har da hawaye. Ya ce in ƙyale ku, yara na son labari. Bai san za ku tsufa ba ku bar yarinta ba."

Daga nan ne abin da ba zan manta ba ya faru. Ta ɗauki ƙirjin rigar nan a hannu, ta ɗaga kai, ta kalli babana. Ido da ido. Na gyara tsayuwa ina jiran a ce "gaya ma ubanka," ba a ce ba.

Ta ce, "Kai."

Wallahi har kajin gidan sun yi shiru. Baba ya waiga bayansa, yana zaton da wani ake.

"Da kai nike. Kai na fara goyo da ita. Da na yaye ka, majanyin nan na aje, wanga ya zo na goya shi da shi. Majanyi guda, ƙyalle guda, bayan nan guda. Abin da kunka kira tela ya raba muku, an raba muku shi tun ba ku da haƙori."

Babana, wanda na taɓa gani ƙaho ya keta masa cinya bai ce wash ba, ya durƙusa a gaban 'yar tsohuwar nan, ya ce, "Na'am, Inna." Daga baya ya ce hayaƙin garwashin da na riƙe ne ya shiga masa ido. Garwashin ya daɗe da mutuwa, amma ban yi masa musu ba.

Baffa, shi da ba ya barin magana ta kwana, ya goge fuska da gefen rawani, ya nuna babbar rigar da ke kan tabarma. A hankali ya ce, "To wannan fa, Inna, ta wa ce?"

Ta ce, "Tawa ta. Ni na tsinci auduga, ni na kaɗa, ni na biya masaƙi da kajina. Aro na ba ubanku, bai maido ba har ya tahi. Ba ta cikin gado."

Na faɗi ƙasa don dariya. Wata da watanni ina hawa bantun da wuta a baki, ashe a kan kayan aro ake yaƙi, mai kaya kuma tana ɗaki tana shan jabana.

Ta ce za ta ci gaba da ba da aro, amma da sharaɗi. Babba ya sa ta ƙaramar Sallah, auta ya sa ta Layya. Wanda ya gama, shi zai kai wa ɗan'uwansa da ƙafarsa, ba a ba kumsari saƙo. Nan take anka kore ni daga aiki. Sannan ta ce su tashi su kama, ta koya musu yadda ake riƙon tsohuwar riga, don ta lura ba su san komai ba sai gardama.

Ku zo ku ga dattawa biyu, kowa da gefe guda a hannu, 'yar tsohuwa na zaune tana ba da umarni da bakin almakashi. Rigar nan mutum ɗaya ba ya iya naɗe ta daidai, sai hannu huɗu, kuma na tabbata ta san da haka. Ta ce ba a wanke ta, ruwa da sabulu ajalinta ne. In ta yi ƙura a kaɗe ta a hankali, a shanya a inuwa ta sha iska. Kada wanda ya kai ta wajen mai guga, a da bugu ake yi mata a kan gungume, yanzu kuwa ta tsufa, ko bugun ba ta ɗauka. Ta ce kada a naɗe ta a kan layin da anka naɗe ta bara, don a nan zare ke karyewa, a riƙa sauya mata kwanciya kamar majinyaci. A sa busasshen ganyen dogon yaro da ɗan kanumfari a tsakani saboda asu, a naɗe ta cikin farin ƙyalle, a ɗora akwatin a kan bulo saboda gara. Turare kuma daga nesa, kada hayaƙi ya zauna mata.

Baba ya ce, "Ja naka gefen, ka karkace." Baffa ya ce, "Kai ne ka karkace, Yaya, tun muna yara." Faɗa ne, amma irin wanda munka saba, mai daɗin ji. Tela kuwa bai tafi hannu banza ba. Kaka ta ba shi allura ta ce ya mayar da bakin majanyin nan biyu yadda ya same su, ya sha jabana, na mayar da shi a keke. Duk hanya yana cewa bai taɓa yin aikin da ya fi wannan daɗi ba.

Kaka ta rasu bayan wasu shekaru. Ƙirjin rigar yana hannun mahaifiyata yanzu, ya ƙara ƙanƙancewa, don gidanmu ba ma wasa da haihuwa. An yi gada, bantun ya zama labari, amma har ƙafarsu ta gaza, tsofaffin nan biyu suna kai wa juna riga, suna gardama a kan wanda ya naɗe ta ba daidai ba. Ni kuma ta bar mini wata cuta: ba na iya wuce tsohon zane ko tsohuwar shimfiɗa ban ɗora yatsa na auna ba, ban ɗaga ga haske ba. Matata ta ce wata rana za a kama ni ina ƙona rigar baƙo.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tsohon kaya ba ya ɓoye shekarunsa, yana nan a zare, a faɗin saƙa, a yadda launi ya koɗe, sai dai a rasa mai karantawa. Kuma kafin ka ɗauko wa wani tsohon abu almakashi, ka shiga ɗaki ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Mu maza muna waje muna yi wa rigar aro kirari da zaki da harsashi, ta gaskiyar kuwa tana bayan matanmu kullum, tana riƙe da 'ya'yanmu kada su faɗo.